Ledar da Ta Cinye Shanun Dada

Shanu biyar suka rage wa Dada a duniya, dukkansu kuma tsatson saniya ɗaya ne, wadda ta shigo da ita gidan miji tun ana cin kasuwa da kwabo. Sauran garken ya bi hanyar da garkunan mutanen Buji da yawa suka bi. Fari ya ɗauki rabonsa, asibiti ya ɗauki nasa, abin da ya saura mijinta ya sayar kafin ya rasu, ya haɗa wa ɗansu Sale kuɗin babbar mota. Biyar ɗin nan kuwa ba mai taɓa su. Kowacce da tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar gidansu. Babbarsu wata fara ce mai baƙin kunne da Dada ke kira Zinariya, kullum safiya sai ta gaishe ta kafin ta gaida maƙwabta.

Sale ɗan fari ne, saboda haka Dada ba ta taɓa kama sunansa ba. In yana kusa "kai" ne, in ba ya nan "mai motar nan". Shekara takwas yana jan motar, yau gero da riɗi daga Jahun, gobe shanu daga Shuwarin zuwa kudu in Allah ya kawo lodi. A hannun Alhaji Zuhair ya saye ta, dillalin manyan motoci a Dutse, mai katafaren gareji da makanikai masu riguna iri ɗaya. Ranar da ya karɓo ta jinin kiwo ya motsa, ya ari zarto ya yi tsaga biyu a gefen hagu na injin. Direbobi suka yi ta yi masa tsiya, wai saura ya ɗaura mata igiya ya kai ta mashaya.

Da bazara motar ta soma wani hali. Tana cikin tafiya lafiya lau, sai ta yi sanyi, ta yi tari, ta mutu a tsakiyar titi. In ya bar ta ta huta kamar rabin awa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Ta yi masa haka sau uku tsakanin Jahun da Kiyawa, da buhunan mutane a baya. Direbobi suka ce ya leƙa wajen Malam Sagiru, wani tsohon bakanike da ke aiki a gindin darbejiya a bakin titin Kiyawa. Sale ya ƙi. Mota mai daraja, in ji shi, ba a kai ta gindin bishiya. Inda aka saye ta can za a gane ciwonta.

A garejin Alhaji aka jona mata na'ura mai allo, aka tayar, aka kashe, aka yi ta kallon allon ana gyaɗa kai. Ba wanda ya leƙa tanki. Alhaji da kansa ya fito daga ofis, yana ƙamshin turare, ya dafa kafaɗar Sale.

"Ɗan Fulani, sai haƙuri. Injin ya gama aiki."

"Ranka ya daɗe, ai in ta huta tana tashi."

"Marar lafiya ma yakan tashi ya sha kunu kafin ya cika. Na'ura ba ta ƙarya. Ina da inji ɗan Beljiyam, na hannu daga Turai, jiya aka sauke shi. In ka tsaya jan ƙafa, wani zai riga ka."

Sale ya tambayi kuɗin, aka faɗa masa. Shi ba da naira yake lissafin abu mai nauyi ba, nan take kansa ya juya kuɗin zuwa shanu, ya ga biyar cif. Ya so ya ce a rubuta masa abin da na'urar ta gano a takarda, amma ya dubi furfurar Alhaji ya ji nauyi. Yaya za ka ce wa sa'an mahaifinka ya rubuta, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba?

Kwana biyu yana zagaya bukkar Dada bai iya buɗe baki ba. A na uku ita ta buɗe masa. Tana wanke ƙwaryar tatsa, ba ta ko dube shi ba.

"Kai, in shanun ne ka faɗa. Na ga kana ta kallon su kamar mahauci."

"Aro ne, Dada. Kafin damina ta zauna zan dawo da su."

"Ni ban tambaye ka rantsuwa ba." Ta kife ƙwaryar a kan tabarma. "Sai dai kar a raba su. Zinariya ba ta cin abinci in ba ta ga sauran ba."

Abdulrauf, wani falken shanu da Sale ya sha yi wa lodi, shi ya saye su. Mutum ne mai mutunci iya gwargwadon abin da kasuwa ke bari. Ya ce zai ajiye su a garkensa har lodin ƙarshe na kafin Babbar Sallah. In Sale ya kawo kuɗin kafin nan, ya kora abinsa gida, ko ladan kiwo ba ya so. In bai kawo ba, to, sai kudu. Suka tafa a kan haka.

Aka sa sabon inji. Tsohon kuwa Alhaji ya ce a bar shi a bayan gareji, ƙarfen banza ne, 'yan gwangwan za su kwashe. Sale ya fita daga Dutse yana jin kansa a sama. Kwana huɗu ya yi yana murna. A na biyar, ya wuce Kiyawa da kaɗan, motar ta yi sanyi, ta yi tarin nan da ya sani, ta mutu. Ya daɗe riƙe da sitiyari bai sauko ba. Daga ƙarshe ya aika a kira masa tsohon bakaniken nan na gindin darbejiya.

Malam Sagiru ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, da sifana biyu a aljihu. Ya saurari labarin har ƙarshe, bai ko buɗe injin ba. Ya zagaya gefen mota ya tsaya a kan tankin gas, inda aka ɗaure baki da baƙar leda da igiyar roba.

"Ina murfin?"

"An sace a tasha tun watan azumi, Malam."

"Tun kafin ta soma mutuwa ko bayan nan?"

Sale ya ce tun kafin. Malam Sagiru ya lanƙwasa waya, ya zura a tankin, ya yi ta lalube kamar mai neman guga a rijiya. Can ya jawo wani guntun leda, bai kai tafin hannu ba, yana ɗigar mai.

"Ga injinka da ya gama aiki," in ji shi. "In mota na tafiya, sai mai ya ja ta ta toshe bakin bututu, inji ya rasa abin sha. In ka kashe, ta saki ta koma yawo. Shi ke nan ciwon. Kawo kuɗin goro in tafi."

Sale ya karɓi ledar ya shimfiɗa a tafinsa. Shanu biyar. Da kuka zai zo da ya yi, amma abin ya wuce kuka, sai ya naɗe ta a takarda ya sa a aljihun gaba.

Daga ranar ya koma ɗan zaman benci a garejin Alhaji Zuhair. Yau Alhaji ya tafi Kano, gobe yana ganawa da baƙi, jibi ya shiga ta wata ƙofa ya fita ta wata. Da ƙyar Sale ya ritsa shi wata Laraba, ya ajiye masa ledar a kan tebur. Alhaji ya dube ta ta saman tabarau.

"Wa ya sa ta a tankin, ni ko kai?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma ku kuka ce inji ne."

"Inji ka nema, inji aka sa maka. Yana aiki ko ba ya yi?"

"To a ba ni tsohon nawa in sayar."

"'Yan gwangwan sun farfasa shi tuni. Kai ma ka ji na faɗa a gabanka."

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Mako bai zagayo ba Sale ya kai lodin shinkafa wani injin casa a bayan kasuwar Jahun. Yana tsaye ana sauke buhu, kunnensa ya kama wata ƙara. Makiyayi yakan gane kukan saniyarsa a cikin ɗari, shi ma shekara takwas yana kwana yana tashi da wannan ƙarar. Ya zagaya bayan rumfar, ya ga inji a kan dakalin siminti yana juya bel, ko gezau. Ya goge maiƙon gefen hagu da hannun riga. Tsaga biyu. Mai injin casar, da bai san dawan garin ba, ya yi ta yabon abinsa, wai a Dutse ya saya wajen Alhaji Zuhair, an ce masa ko shekara goma zai yi bai nemi gyara ba.

Yanzu kam Sale ya samu abin riƙewa. Ya kai ƙara wajen shugaban direbobin tasharsu, wanda kowa ke kira Ciyaman, domin can ake sasanta irin wannan kafin a kai ga kotu. Malam Sagiru ya yarda zai zo ya faɗi abin da ya ciro. Direbobi uku da suka yi masa dariya ranar da ya yi tsagar suka ce su ma za su shaida. Ciyaman ya aika wa Alhaji, aka sa zama ranar Asabar da hantsi. Sale bai nemi a ɗaure kowa ba, bai nemi kuɗin kwanakin da ya yi a benci ba. Abin da ya nema kawai, Alhaji ya karɓi injinsa ɗan Beljiyam ya dawo masa da nasa da kuɗinsa, ko ya biya shi abin da zai fanso shanu biyar. Saura kwana goma lodin Abdulrauf ya tashi. Har Sale ya aika wa Dada cewa ta gyara turke.

Ranar Juma'a aka idar da salla a masallacin da ke kusa da tasha. Mutane na neman takalma sai ladan ya ce a ɗan dakata, Alhaji Zuhair na da magana. Alhaji, da ba a saba gani a wannan masallacin ba, ya miƙe cikin farar shadda, murya na rawa. Ya ce Allah ya kira shi aikin Hajji, jirginsu zai tashi ranar Lahadi, kuma mai tafiya wannan hanya bai san ko zai dawo ba. Ya ce ya yi shekara talatin yana hulɗa da direbobi, kuma zo mu zauna zo mu saɓa. Duk wanda ya taɓa ɓata wa, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya dubi girman Allah ya yafe masa.

Masallaci ya ɗauka gaba ɗaya: "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Haka ake yi. Wa ya taɓa jin an hana maniyyaci yafiya?

Sale ya sunkuyar da kai ya kama bakinsa, yana neman hanyar ƙofa. Amma Alhaji ya san sahun da ya zo nema. Ya ratso mutane, ya wuce manyan 'yan kasuwa, ya wuce Ciyaman, ya zo ya kama hannun Sale da hannu biyu. Har ya ɗan rusuna, dattijo mai furfura a gaban sa'an ɗan cikinsa.

"Malam Sale, kai musamman. Na san akwai 'yar magana tsakaninmu. Ba na so in tsaya a Arfa da nauyin kowa a wuyana. Ka yafe mini duniya da lahira."

Liman na kallo, Ciyaman na kallo, sahu uku sun juyo. Wani tsoho a gefe har ya soma share ƙwalla, yana cewa ka ga tawali'u. Sale ya ji ledar a aljihunsa kamar garwashi. A cikinsa yana cewa a bari sai gobe, a bari a yi zaman tukuna, a dawo da shanun Dada sannan a yi maganar lahira. Amma an haife shi a gidan da ba a ɗaga ido a dubi babba, gidan da ko yunwa kake ji sai ka ce ka ƙoshi. Bakinsa ya riga shi.

"Na yafe, Alhaji. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Aka yi kabbara. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya sa wa Sale albarka da sunansa. Alhaji ya rungume shi, turarensa ya kama masa riga, har yamma bai fita ba.

Ranar Asabar Sale ya riga kowa zuwa ofishin Ciyaman. Malam Sagiru ya rufe aikinsa ya zo daga Kiyawa. Kujerar Alhaji kuwa ba kowa. Ciyaman ya shigo yana sakace, ya dube su da mamaki.

"A'a, Sale, lafiya? Ai na ɗauka magana ta ƙare jiya."

"Ranka ya daɗe, ba a yi zaman ba."

"Wane zama kuma bayan wanda aka yi a ɗakin Allah? Da kunnena na ji ka. Duniya da lahira, haka ya ce, haka ka amsa. Yanzu in aika wa mutum yana ɗaure jakar Makka in ce ya zo, wanda ya yafe masa jiya ya tuba? Da wane ido jama'a za su dube ni? Kai ma da wane ido za su dube ka?"

Malam Sagiru ya yi gyaran murya. "Ciyaman, ni ba malami ba ne, amma na ji malamai na cewa abin da aka karɓa da kunya ba halal ba ne. An ritsa yaron nan ne. Me ya hana Alhaji neman yafiyar bayan ya biya?"

"Malam, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Ni abin da kunne ya ji nake hukunci da shi."

Direbobin nan uku ko ɗaya bai leƙo ba. Da Sale ya same su a rumfar mai shayi, babbansu ya ce shi gaskiya ba zai tsaya shaida a kan maniyyaci ba, bare a kan abin da mai shi ya riga ya yafe. Ranar Litinin Sale ya je kotu. Wani ma'aikaci mai kirki ya saurare shi, ya ce ƙara tana shiguwa, yafiyar masallaci ba ta hana, sai dai wanda ake ƙara ba ya ƙasar, kuma ko ya dawo ba za a samu rana ba sai bayan Sallah da makonni. Sale ya yi godiya ya fito. A ransa ba Alhaji ya fi jin haushi ba. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya san inda ake kama kowace dabba, ya kama. Kansa yake jin haushi, da wannan bakin nasa mai ladabi. An ce kunyar marar kunya asara ce, shi dai ya biya kuɗin karatun da shanun uwarsa.

Ana jibi kasuwar Shuwarin Abdulrauf ya kira shi a waya. Bai tambayi kuɗi ba, labari ya riga ya kai masa. Ya ce ya yi iya jiran da zai iya, kuɗin mutane ne a jikin shanun. Sannan ya ce yana neman mota mai lafiya da za ta kai lodin kudu, motoci sun yi wuya saboda Sallah, in Sale ba zai iya ba ya fahimta. Sale ya tuna buhun geron gidansa da ya kusa kaiwa ƙasa. Ya ce zai iya.

Ya tafi Buji da kansa, don bai so Dada ta ji a bakin wani. Ya tarar ta share turken tas, ta sake igiyoyi biyar sababbi, ta tara harawa a gefe. Ya durƙusa daga nesa ya faɗa mata komai, tun daga leda har masallaci, har motar da za ta kai su. Ta saurara tana murza bakin zanenta. Ya jira faɗa, ya ma so ta yi faɗan, ko ta tsine wa Alhaji, ko shi. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Kwana nawa ne hanyar?"

"Biyu, Dada. Wani lokaci uku."

"To in kun tsaya ba su ruwa, a fara da Zinariya. Ba ta shan ruwan da wata ta sa baki." Ta tashi ta kwance igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe, ta miƙa masa. "Ka ɗaure su da waɗannan. Na kasuwa suna cin wuya."

Ranar kasuwa ya ja motar baya zuwa tudun lodi. Aka yi ta koro shanu ana duka ana ihu, har aka zo kan biyar masu tsaga a kunnen hagu. Zinariya ta toge a bakin mota, ta ƙi hawa. Masu lodi suka murɗe mata wutsiya, suka zuba mata sanda, ta ƙi. Ɗaya ya ɗaga wani ƙaton itace.

"Bari," in ji Sale.

Ya sauko daga gaba, ya shiga bayan motar ya tsaya, ya yi mata irin kiran da Dada ke yi mata da safe. Ta ɗaga kai, ta kaɗa kunne, ta hau da ƙafarta, sauran huɗun suka biyo ta. Ta sa hanci tana shinshinar rigarsa yayin da yake ɗaure ta da igiyar Dada. Masu lodi suka ce kai, wannan direba ya iya shanu.

Ya duba sabon murfin tankin da ya saya, ya murɗa shi ya ƙara murɗawa. Ya hau ya tayar. Suka bar Shuwarin, suka bar Dutse a baya, Sale na kasa kunne, yana roƙon Allah a ransa ta yi tarin nan ko sau ɗaya, ta tsaya. Har suka isa kudu motar ba ta yi ko tari ba.